Likkafanin Inna a Makka

Don Allah don Annabi, duk wanda ya ga wagga takarda kar ya faɗi sunana. Ban yi nisa a boko ba, a yi haƙuri da rubutun. Anti Bahijja ta ba ni labarin, sai da na rantse mata tukun ba ni faɗa wa kowa.

A gidanmu na Horo Birni, ran da Yaya Ubaidullahi yac ce za shi Umra da matarshi Bahijja, Inna, mahaifiyarmu, ta saki ludayi cikin ƙwarya.

"Da 'yar garin Sifawa? Ga yayarka Safinatu zaune!"

"Inna, da matata muka sha ranar noman albasar da ta ba mu kuɗin tafiyar nan."

Shekara huɗu da aure, Inna ba ta taɓa yi wa Anti murmushi ba. Ran tafiya ta fito da farin yadi.

"Likkafanina ne, sauran wanda aka rufe mijina da shi. Ga ƙullin baƙin zare a bakinshi. Ki wanke min shi da zamzam. In ya ɓace, kar ki maido ƙafarki gidan ga!"

Jama'a, Makka! Anti tac ce a jirgi gajimare na ƙarƙashinsu awa audugar da aka shanya. Akwai matakala mai tafiya da kanta, sai da Yaya ya cire takalmi kafin ya hau. Ƙofar ɗakinsu da kati ake buɗe ta. Da ta ga Ka'aba kuwa, duk addu'ar da ta haddace ta gudu, sai hawaye.

Ta ɗebo zamzam, ta wanke yadin. Ta duba, otal bene ashirin, babu igiyar shanya ko ɗaya! Sai ta baza shi bisa gado, suka tai sallar azahar.

Suka dawo, gado ya sha gyara lumui. Yadi babu. Masu shara sun haɗa shi da fararen zannuwan gado sun kai wanki.

"Wayyo Allah, aurena!"

"Haba Bahi, cool down," in ji Yaya. "Kasuwa cike take da farin yadi. Mu sayi wani, ki ƙulla baƙin zare. Wa zai sani?"

"A rufe Inna da ƙarya? A garin ga, Yaya? Gara ta kore ni."

Shi ma sai ƙwalla.

Anti ba ta jin Larabci. Ta shiga lif ta sauka can ƙasa, tana murza hannu awa mai wanki, har aka nuna mata wurin. Tac ce injuna ne manya awa rumbu, suna juyawa su kaɗai, zannuwa jibge har sama, duk farare! Wata tsohuwa Bahaushiya mai ninki a wurin ta ji bayani tac ce, "Ɗiyata, ai allura kike nema cikin ruwa. Amma bismilla."

Kwana ukku! 'Yan ayarinsu na ziyara, ita tana laluben bakin zani ɗaya bayan ɗaya, sallah kawai ke tada ta. Ran na biyu Yaya ya sauko ya naɗe hannun riga.

"Alhaji, ka zama ɗan wanki da guga?" in ji tsohuwa.

"Mama, ni na so in ɓata, bari in gyara."

Ran na ukku, bayan la'asar, yatsanta ya ci karo da ƙulli. Baƙin zare! Ta faɗi ta yi sujada nan bisa siminti. Ta sake wanke shi da zamzam, ta zauna gadinshi har ya bushe.

Da suka dawo gida ta durƙusa ta faɗa wa Inna yadin ya ɓace an gano shi. Inna ta lalubi ƙullin, ta kalli yatsun Anti da suka saɓule.

"Ziyarar fa?"

"Ban samu zuwa ba, Inna."

Inna ta share ido da bakin mayafi. "Tashi, ɗiyata. Ran da na cika, ke za ki sa min shi."

To kun gani, haƙuri da riƙon amana ba su faɗuwa ƙasa banza. Amma har yau Inna ba ta san ɗanta na cikinta ne yac ce a sayo wani ba. In ta ji, wallahi Yaya ya—

Ga ƙarar sandarta nan a zaure, bari in ɓoye