Ɗakin Sanyin Uwar Kifi

"Kowa ƙasa! Wanda ya ɗaga kai, uwarsa ta haifi wani!"

Ƙarfe goma na safe mutum uku suka faɗo shagon Uwar Kifi, mai sayar da ƙanƙararren kifi katan-katan. Gatari ne oga, bindiga a hannu. Zomo da Tsinke na biye. Direbansu na waje, mota a kunne.

Ba banza suka zo ido na ganin ido ba. Makon jiya, wurin shiri a garejin direban, Gatari ya yi dariya har da tari.

"Hukuma ta yi mana rabin aikin. An ce kowa ya miƙa bindigarsa, ko mai lasisi ne. Mai gadin shagon, ƙanen matar, shi ya fara kai tasa."

"Mu fa, Oga, yaushe za mu kai tamu?" in ji Zomo.

Abin da ba su sani ba, ranar da ƙanen ya dawo yana huci, "Yaya, da me zan tsare ki, da tsintsiya?" Uwar Kifi ba ta zauna kuka ba. Mai walda ta kira, ya sa wa ƙofar ɗakin sanyi sakata ta waje mai kaurin damtse. Kowace Litinin sai ta tara ma'aikata a gwada: wa zai kwanta, wa zai kira 'yan sanda, ta ina za a fita. Suna gunaguni, tana tsawa.

Yau ga Gatari ya ɗora mata bindiga a goshi.

"Tsohuwa, ina akwatin kuɗi?"

"Tsohuwa tana gidanku. Yana ɗakin sanyi, bayan katan. Da a kan titi zan ajiye?"

Tsinke ya shiga. Zomo ya bi shi, kada a ci ba shi. Gatari ya tsaya bakin ƙofa. Ya ji shiru, kuma ya san halin yaransa.

"Kai, 'yan iska! Me kuke cusawa a aljihu?"

Ya sa ƙafa ɗaya ciki.

Mai gadi ya zabura daga ƙasa — ya banke Gatari ciki da kafaɗa! Tau! Harbi ɗaya. Uwar Kifi ta maka ƙofa, ta ja sakata — garam!

"Ku fita ta baya! Ku kama min ƙanena!"

Ma'aikata suka janye mai gadi, jininsa na bin sumunti. Direba da ya ji harbi bai tsaya tambaya ba. Ya taka mota, ko waiwaye babu.

A ciki duhu da sanyi. Suka yi harbi, suka yi zagi, suka koma roƙo.

"Mama, don Allah! Za mu mutu!"

"Kifi ma haƙuri yake!"

Sai bayan minti arba'in 'yan sanda suka iso. Aka buɗe. Gatari ya fito da rarrafe, yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa. Kafin a tambayi Zomo, ya faɗi inda garejin yake.

Sufeto ya sami Uwar Kifi a bayan shago, kan ƙanenta a cinyarta.

"Mama, kin yi ƙoƙari. Kin kama su, kuma ba ki karya doka ba."

"Riƙe yabonka. Juyo da motarka ka kai min shi asibiti. In ya cika a hanya, kai za ka je ka gaya wa matarsa ba mu karya doka ba."

Ƙanen bai kai asibiti ba, a hanya ya cika.

Da yamma ta tasa sufeton gaba har ƙofar gidan ƙanenta. Ta tsaya a kansa, sai da ya faɗa wa matar mamacin da bakinsa.