Layin da Malam Ya Danna

Dutsen farko ya faɗo ne ana shirin kiran magariba. Maigidan, wanda malami ne a kwalejin fasaha, yana tsugune a tsakar gida da buta a hannu, matarsa tana kwashe shanya, 'yarsu ɗaya tilo, wadda suke kira Auta duk da ba ta da yayye, tana tsefe kai a bakin ƙofa. Kwanon rufi ya yi ƙara, kowa ya ɗaga kai. Matar ta ce yaran maƙwabta ne. Sai na biyu ya faɗo, sai na uku a tsakiyarsu, ya tsaya cak inda ya sauka bai gangara ba. Malam ya ɗauka, ya ji shi da ɗumi.

Haka aka yi kwana shida. Da rana gida lafiya lau, amma da zarar inuwa ta cinye katanga sai jifa ta fara, kuma daga ɗakin karatun Malam a riƙa jin dariya ƙasa-ƙasa, irin ta mutane da yawa masu toshe baki. Matar ta yi hayaƙi, ta kunna karatu. Malam dai ya san dariyar. Ya taɓa jin ta a ajinsa.

Aikinsa koyar da yadda kwamfutoci ke magana da juna, da yadda ake kare su daga masu kutse. Yana da wata manhaja da yake ji da ita, wadda ke zana kowace waya da kwamfuta da ke kan intanet ɗin aji a matsayin ɗigo, ta ja layi daga ɗigon zuwa duk inda saƙonsa ya nufa. Yakan haska ta a bango da majigi, ɗalibai su ga abin da baki ba ya iya kwatantawa. Wata uku da suka wuce, yana so ya nuna musu cewa intanet ɗin da kowa ke hawa ba shi da sirri, sai ya kai kibiya kan wani ɗigo. Sunan mai wayar ya fito ƙarami a gefe. Wata ɗaliba ce mai zama kusa da taga, wadda ba ta cika magana ba, amma ta fi kowa gane darasi. Ya ga sunan, amma ya danna layin.

Adireshin ya bayyana a bango da manyan haruffa, na wani dandalin masu fama da farfaɗiya ne. Dariyar ta fara daga bayan aji. Da ya rufe nan take, da wataƙila abin ya tsaya a nan. Amma darasi ya yi armashi, idon kowa na bango, sai ya bar shi yana ta bayani. Kashegari kujerun da ke gefenta babu kowa. Bayan mako biyu tata kujerar ma babu kowa. Shi kuwa har hoton allon ya ajiye, yana nuna wa sauran azuzuwa, ya ɗan shafe rabin sunan.

A rana ta bakwai Auta ta faɗi. Tana miƙa wa uwarta tire sai ta sandare, idanunta suka juye, ta zauna daɓas ta harɗe ƙafafu kamar dattijo. Muryar da ta fito daga bakinta mai kauri ce, ba gaggawa a cikinta. Ta fara lissafa abubuwan da ke ɓoye a gidan: maganin da matar ke sha ba da sanin mijinta ba, da wasiƙar da Malam ya rubuta wa ƙaninsa ya fasa aikawa, da abin da ke cikinta kalma bayan kalma. Ta ce gobe a bakin titi za ta faɗa.

Matar ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Da ta ɗago, ba 'yar ta kalla ba, mijin ta kalla.

"Baban Auta, me ka yi?"

Ya ce bai sani ba. Ƙarya ya yi.

Wan matar ne ya kawo mai ruƙiyya washegari da la'asar sakaliya. Tsoho ne siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, uwar ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya zauna ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Haske ya ja baya daga taga, jifa ta fara a kan rufi, ta yi yawa, sannan ta ɗauke gaba ɗaya. Auta ta buɗe ido, aljanin da ke jikinta ya ce ya isa, karatun yana ƙona shi.

Tsohon ya tambaye shi ko shi wane ne, da abin da ya kawo shi. Muryar ta ce shi mazaunin ƙarƙashin matakalar wani gida ne, ya fi shekara ɗari a wurin ba ya taɓa kowa. A kan matakalar nan wata yarinya take zama kullum da yamma tana bitar karatunta a bayyane, har shi ma ya saba. Yanzu wata uku ke nan ba ta karatu, sai kuka, kuma ta hana kanta fita ko ƙofar gida.

"Tambayi wancan," muryar ta ce, hannun Auta ya nuna ubanta. "Shi yake koya wa mutane cewa kowane saƙo ana iya bin sawunsa har inda ya fito. Na bi."

Mai ruƙiyya ya juyo ya dubi Malam ta saman tabarau. Malam ya sunkuyar da kai ya faɗi duka, har da hoton, har da cewa ya ga sunan kafin ya danna. Matarsa ba ta saki kafaɗun 'yarta ba, amma ta matsa daga gefensa.

Aljanin ya ce zai fita, da sharaɗin a bar shi ya kayar da Auta sau ɗaya a gaban 'yan ajinsu, uban ya ɗanɗana. Tsohon ya ce ba a gyara zalunci da zalunci, yarinyar nan ba ta danna komai ba, ya ɗaga murya zai koma karatu. Muryar ta yi gurnani, ta sauko. Ta ce to, sharaɗinta uku ne: a goge hoton. Malam ya tsaya a gaban ajin da suka yi dariya ya faɗi laifinsa da bakinsa. Sannan ya je wurin ɗalibar da ƙafarsa.

"Ba don kai zai yi ba," in ji tsohon. "Haƙƙi ne a wuyansa ko kana nan ko ba ka nan. Kai kuma fita, kada ka dawo."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta tambayi uwarta me ya sa aka taru a kanta. A bakin ƙofa tsohon ya ce wa Malam nasa aikin ya ƙare, mai wuyar ne ya rage.

Malam ya goge hoton a daren. A aji ya tsaya ba majigi, ya faɗi abin da ya yi, waɗanda suka fi kowa dariya suka riƙa kallon tebur. Daga ranar ya daina haska wayar kowa, sai kwamfutocin gwaji da ya haɗa da hannunsa.

Ranar hutu da safe ya nemi gidan su ɗalibar. Mahaifiyarta ta yi masa iso ba fara'a, ɗalibar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta rame. Ya ba ta labari, ta ce ita ba ta aiki kowa ba, ba ta ma san da wani aljani ba, kuma Allah ya ba Auta lafiya. Ya roƙe ta ta dawo makaranta, ta girgiza kai. Ya roƙi gafara. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, abu ɗaya nake ta tambayar kaina. Ka ga sunana kafin ka danna?"

Zai iya cewa a'a, kuma ya ga alamar haka take so ta ji.

"Na gani," ya ce.

Ta gyaɗa kai a hankali, ta share ido da bakin mayafi.

"To ka je, Malam. Zan yi ƙoƙari, amma ba yau ba."