Agogon da Ba Ya Tsayawa

Ƙanina ya je wurin boka, ya dawo da agogo a hannu.

A lokacin direban wani attajiri ne. Kullum idonsa na kan tsintsiyar hannun maigidansa. Na ce masa ya zo shagona ya koyi kafinta. Ya ce, "Yaya, ni ba zan tsufa da ƙusa a baki ba."

Daga baya shi ya ba ni labarin ɗakin bokan. Bayan wani tsohon gareji yake, babu taga. Jan ƙyalle a bango, ƙwarya cike da daskararren jini, ƙuda ko ɗaya bai sauka a kai ba. Bokan ya yanka baƙin zakara, ya shimfiɗa fata, ya ajiye agogo biyu. Duka na zinariya ne, sirara, masu madaurin fata, irin na shiga taron manya. Babu mai batir a ciki.

"Wannan kai za ka murɗa shi kowace safiya," in ji bokan. "Abin da zai ci, a jikinka zai ci. Wancan kuwa motsin hannu ke tafiyar da shi. Shi ke neman abincinsa."

"Me yake ci?"

"Arziki ka zo nema ko tambaya? Kada dai ya tsaya. Ranar da ya tsaya, kai ma ka tsaya."

Ƙanina ya yi dariya. "Malam, na gaji da wahala. Ba ni wanda ba a murɗawa."

Dukiya ta zo kamar an buɗe famfo. Gidan bene, motoci, mutanen da ba sa amsa gaisuwarsa suka koma durƙusa masa. Sai dai in agogon ya wuni a hannunsa, sai hannun ya yi sanyi, ya mutu murus. Sai ya riƙa miƙa wa mutanen gida. "Riƙe mini in yi wanka." "Ɗaura mana, mu ga ko zai yi miki kyau."

Babban ɗansa ya fita da shi wurin aiki, ya dawo ya kwanta, bai tashi ba. A nan ƙanina ya gane. Bai daina ba. 'Yarsa ta bi wanta. Matarsa ba ta mutu ba. Tana nan zaune a falo tana kaɗa hannu, babu komai a hannun, tana cewa kada ya tsaya. Masu aiki suka kwashe kayansu.

Da ya rasa hannun aro, ya ɗaura a nasa. Rabin jikinsa ya shanye, ɗaya rabin na bi. Aka sayar da motocin, aka kwance har labule.

Ku masu kwaɗayi, ku ji. In aka ce muku abu zai nemi abincinsa da kansa, a gidanku zai nema. Ba ya zuwa gidan maƙwabci.

Wata rana da tsakar rana ƙanina ya aika a kira ni. Na same shi a kan tabarma, ɗakin fayau. Agogon na bugawa a hankali, yana jan numfashi kamar mai shi.

"Yaya," ya ce, baki a karkace. "Hannuna ya ƙi motsi. Ɗaura ka ɗan kaɗa mini. Kai ƙaƙƙarfa ne, ba abin da zai yi maka. Nono ɗaya muka sha."

Na daɗe ina kallonsa. Ni na goya shi yana jariri. Na mayar da hannuwana baya.

"A'a. Ba zan ɗaura ba."