Almakashin Umma

"Ki saka kowa da kowa, amma ban da mai allurar nan."

Umma ce ta faɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Tsohon albam ɗin gidan yana buɗe a cinyarta, ya kumbura, gam ɗinsa ya bushe, hotuna sai zubowa suke yi a kan kafet.

"Umma, mijina ne fa," in ji Auta.

"Na ce ba mijinki ba ne? Cewa na yi kar na gan shi a littafina."

Yaya, babban ɗan Umma, ya yi gyaran murya. Shi ya kawo shawarar a daina liƙe-liƙen nan, a kai hotunan shago a tsara su a kwamfuta, a buga su littafi guda mai bango mai kauri. Yanzu kuwa da wuta ta tashi, sai ya hau duba wayarsa.

Kowa a gidan ya san almakashin Umma. Shekara da shekaru ita ke liƙa hotunan iyali, kuma duk wanda ya ɓata mata rai, a albam take hukunta shi. Akwai wata maƙwabciya da kafaɗarta kawai ta rage. Akwai kawun da ya koma rabin hula. Da, abin dariya ne. Amma ranar da Auta ta ga hotunan aurenta, ita tsaye tana murmushi kusa da ramin da aka yanke mijinta, dariyar ta ƙare mata.

Laifin mijinta ɗaya ne. Nas ne, shi ya yi jinyar Baba a asibiti har ƙarshe, a can suka haɗu da Auta, kuma Baba da bakinsa ya sa musu albarka. Sai dai shi ne ya fito daga ɗakin ya ce wa Umma, "Sai haƙuri, Umma." Tun daga ranar ba ta ƙara yarda ta dubi fuskarsa ba.

Auta ta tattara hotunan a jaka, ta fita ba sallama.

A gida ta tarar da shi yana goge farar rigarsa ta aiki. Tun kafin ta gama ba shi labari ya fara murmushin nan nasa mai ƙona mata rai.

"Rabin raina, ki bar ta. Ni ai ba hoto na aura ba."

"Kai komai a bar shi, komai a bar shi..."

"Uwa ce. Ciwo ne ke damunta, ba ƙiyayya ba."

"To ni ba ni da ciwo?" Ta dafa cikinta da ya fara tasowa. "Ɗan nan zai buɗe littafin kakanninsa ya ga uwarsa tsaye ita da rami? In ce masa me? Ɓera ya cinye ubansa?"

Ya yi dariya, ita kuwa hawaye ne ya zubo mata. Ya ajiye dutsen guga ya riƙo hannunta.

"Kar ki yi faɗa da Umma saboda ni, don Allah."

"Ba saboda kai ba ne. Saboda mu ne."

Washegari ta je shagon buga hotuna. Mai shagon dattijo ne mai tabarau, ga surutu kamar rediyo. Ya ɗauki wani hoto da hannu biyu, wanda Umma ta fi so a duniya: Baba yana saurayi, yana dariya a ƙofar gidansu ranar da suka tare. Danshi ya cinye shi, fuskar ta koɗe har ba a gane idanun.

"Wannan zan farfaɗo miki da shi, sai kin rantse jiya aka ɗauka," ya ce. "Amma ki tsara shafukanki da kyau, 'yata. Wannan ba albam ba ne da za a ɓanɓare a sake liƙawa. Gaba da baya takarda ɗaya ce. Kika yanke na gaba, kin yanke na baya."

Auta ta tsaya cak.

"Baba... sake faɗa."

Ya sake faɗa. Ta jawo kujera kusa da kwamfutar, ta buɗe wayarta, ta nemo cikakken hoton aurensu wanda almakashi bai taɓa gani ba.

"Wannan za ka sa min a bayan na mahaifina. Daidai bayansa, fuska a kan fuska."

Dattijon ya dube ta ta saman tabarau, ya ce shi dai bai ji komai ba, aikinsa bugawa.

Ranar da littafin ya fito, falon Umma ya cika da ƙamshin sabuwar takarda. Umma tana buɗewa tana dariya, tana nuna wa Yaya lokacin da yake da giɓi. Da ta iso kan hoton Baba sai dariyar ta tsaya. Ta shafa fuskar da yatsa, a hankali.

"Idanunsa sun dawo," ta ce. "Allah ya yi miki albarka, Auta."

Auta ba ta kawar da kai ba. Umma ta juya shafin.

Sai ga Auta da angonta ranar aurensu.

"Miƙo min almakashina," ta ce wa Yaya.

"Umma..."

"Na ce ka miƙo."

Ya miƙa. Ta saka bakin almakashin a gefen takardar, daidai wuyan ango.

"Ki yanke, Umma," in ji Auta. Muryarta a tsaye take. "Sai dai ki duba bayansa tukuna. Guda ɗaya na buga, kuma wallahi ba zan buga wani ba."

Umma ta ɗaga takardar, ta dubi gaba, ta dubi baya. Almakashin yana kan kuncin Baba.

"Ni za ki yi wa wayo? Ni da na haife ki?"

"Na yi, Umma. Ki tsine min in kin ga dama, amma na gaji da tsayawa ni kaɗai a hoton aurena. Me ya yi miki? Shi ya kashe Baba?"

"Duk sanda na gan shi, bakinsa nake ji yana faɗa min..." Ta kasa ƙarasawa.

Sai Yaya ya durƙusa a gabanta, kansa a ƙasa.

"Umma, ni aka fara faɗa wa a ranar. Ni ya kamata in zo in same ki. Na kasa. Na roƙe shi ya je a madadina. Ya ce min za ki tsane shi, na ce ya taimake ni... kuma ya je."

Auta ta dubi yayanta baki buɗe. Ko ita mijinta bai taɓa faɗa mata ba.

Umma ta zare almakashin a hankali, don kar ya karci takardar, ta ajiye shi a hannun kujera. Ta ƙura wa angon ido, abin da ba ta yi ba tun rasuwar Baba.

"Ashe dogo ne haka," ta ce. "Yana ina?"

"Yana mota a waje. Kullum can yake jira na."

Umma ta goge fuskarta da bakin mayafi.

"Je ki ce ya shigo ya gaishe ni. Ina so in ji wata maganar daban daga bakinsa."