Ɗiyar Malam Isa Zabiya

Ranar kasuwar Goronyo Attahiru ya fara ganinta, tana zaune bakin rumfa tana tsince irin wake, ja gefe guda, fari gefe guda. Shi ɗan Wurno ne, malamin gona na hukumar En'e, an turo shi duba irin da manoma ke ajiyewa.

"Mi ya sa kike raba su?"

"Jan nan munahuki na," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Shina ɓoye hwari cikinai, sai an shibka shi sau biyu ya hiddo shi."

Attahiru ya fashe da dariya. "Wata ukku Bature ya yi shina koya muna wannan!"

Sai ta ɗago. Sunanta Safara'u, daga Kagara. Tun ranar keken Attahiru ya san hanyar Kagara.

Mahaifinta, Malam Isa mai albasa, zabiya ne. Da labari ya kai kunnen Inna Turai, mahaifiyar Attahiru, ta ce sam, ba ta son jika zabiya. Maganar ta isa Kagara, Safara'u ta maido masa turaren da ya ba ta. Ya rubuta mata da ajami:

"Sanyin idona, wanda ya haihe ki abin girmamawa na gare ni. Ki ba ni kwana bakwai."

Ya zauna gaban mahaifiyarsa. "Inna, ba la'ana ba ce, gado na. Kowane ɗa rabi daga uwa, rabi daga uba. Hwarin shina kwance cikin jini, ba ya hita sai ya zo ta ɓangare biyu."

Sai hawaye suka zubo wa Inna Turai.

"To, ta namu ɓangaren ma akwai shi. Yayata Laraba zabiya ce. Ita ta goye ni. Rana ta cinye mata hwata, yara na yi mata waƙa, har ta rasu ba ta yi aure ba."

Attahiru bai taɓa jin sunan ba. "Ke nan muna iya haihuwa tai."

"Kuna iyawa."

"In Allah ya ba mu shi, ɗanmu na, Inna. Mu yi mai inuwa. Ga Malam Isa nan da gonarshi da iyalinai."

Ta share ido da bakin zane. "Ban taɓa ganin zabiya da hurhura ba. Kai ni in gan shi."

Ta je, ta ga Malam Isa, dattijo mai hurhura, ƙarƙashin malfa yana ba'a da maƙwabta. Safara'u ta durƙusa ta miƙa mata ruwa. Inna Turai ta riƙe hannunta, ba ta saki ba.

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya Wurno, Malam Isa ya dafa kawunansu.

"Allah shi ba ku zuri'a mai albarka, kowace kala ya so."

Amin ɗin Inna Turai ya fi na kowa ƙarfi.