Takardar da Ta San Gobe

"Duk garin Garwa babu mai iya jinya kamata!" in ji wani yaro, yana bugun ƙirji a gaban abokansa. "Likita ma ni yake tambaya."

To, ku ji yadda likitan namu ya ƙare.

Mahaifin yaron na fama da ciwon ƙoda. Sau biyu a mako ake kai shi asibiti a wanke masa jini. An sa masa 'yar roba a ƙirji, ta nan ake haɗa shi da inji. Idan bandejin wurin ya jiƙe, cuta sai ta shiga jini.

Madam Jebba, babbar nas, ta gaji da ganin majinyatanta suna kamuwa. Sai ta raba wa kowane gida takarda.

"Kullum da safe ka wanke hannu, ka duba bandejin Baaba," ta ce wa yaron. "In a bushe yake, ka yi alama. In ya jiƙe, ku garzayo."

Kwana uku ya yi, ya gaji. Ga ƙwallo na jiransa. Sai ya zauna ya cika alamun wata guda cur a zama ɗaya, ya tura takardar ƙarƙashin katifa.

"Ka duba kuwa?" Daada, mahaifiyarsa, ta tambaya.

"Tun ɗazu!"

Ran Asabar ruwan wanka ya jiƙa bandejin. Ba wanda ya gani. Ran Litinin Baaba ya kama rawar sanyi, jikinsa zafi kamar garwashi.

Aka kwantar da shi a asibiti. Likita ya girgiza kai.

"Cuta ta shiga jini. Dole mu cire robar, kuma wuraren da za a iya sa masa wata robar a jikinsa sun kusa ƙarewa."

Daada ta zauna a ƙasa tana kuka. Yaron ya kasa cin ko loma. Ya kira, "Baaba!" Baaba bai gane shi ba. Ya so ya faɗi gaskiya, bakin ya yi masa nauyi.

Kwana shida ana haka. A na bakwai Baaba ya buɗe ido, ya nemi kunu.

Washegari Madam Jebba ta tara 'yan jinya duka.

"Ba faɗa zan yi ba. So nake mu gano inda aka kuskure, mu gyara. Daada, ina takardarku?"

Daada ta zaro ta daga jaka. Ashe ta tsince ta wajen shara.

Wata tsohuwa, Goggo Dudu, ta leƙo.

"Ikon Allah! Yau goma sha biyar ga wata, shi har ya duba bandejin ran talatin! Ɗan nan, duba mini, gobe za a yi ruwa?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Yaron ya sunkuyar da kai, hawaye shar.

"Ban duba ba, Madam. Ƙwallo na tafi."

"Yawwa, mun gano," in ji Madam Jebba. "Daga yau mutum biyu za su riƙa dubawa a kowane gida. Kai ma kana ciki."

Baaba, da aka turo a keken marasa lafiya, ya ja kunnensa a hankali, ya rungume shi.

Yara, kada ku ce kun yi aikin da ba ku yi ba. Takarda tana yarda da ƙarya, amma ciwo ba ya yarda.