Garken da Ba a Ƙirgawa

Da aka ɗauke wuta, Yaya Hambali ya ce wa ƙannensa su matso, su rage murya.

"Kun san abokina Nafi'u, wanda ke sunkuyar da kai in ya shiga taro? To ku ji dalili."

Shekarar da Nafi'u ya gama karatun namun daji a jami'a, suka yi ayari da abokai zuwa gandun dajin nan na iyakar Kamaru, su ga ɓauna, su hau tsauni. Shi jikan makiyaya ne. Tun yana ƙarami ya san ba a nuna garken wani da yatsa a ƙirga, kambun baka ne. Amma a ganinsa naman dawa ba shi da mai shi.

Da la'asar ya tsaya ɗaure takalmi, ayari ya sha kwana. Yana ɗagowa sai ga ɓaunaye a kwari, baƙaƙe wuluk, suna kiwo. Daɗi ya kama shi. Ya miƙa yatsa ya fara ƙirga.

Yana kaiwa ta ƙarshe, duk suka ɗago kai tare.

Gajimare ya sauko ya lulluɓe dutsen. Tsuntsaye suka yi tsit. Ya ƙwala wa abokansa kira, muryar ba ta wuce leɓensa ba. Ya bi hanyar sama, ta sauke shi cikin kwarin. Ya juya, nan dai. Ko'ina ƙaho. Huci mai ɗumi a ƙeyarsa.

"Sannu da aiki, samari."

Wani tsoho ne da malafa, sanda a kafaɗa. Yana gabansa, amma muryar daga bayan kunne take fitowa. Nafi'u ya rusuna zai gaishe shi, sai ya ga ƙafafun. Kofato ne.

"Baba, hanya nake nema."

"Hanya na nan. Nawa ka samu?"

"Baba…"

"Faɗi mana. Duk baƙon da ya faɗi adadinsu, sai ɗaya ta mutu. Ni kuwa ba na komawa gida da giɓi. Mai ƙirga shi ke cikewa."

Nafi'u ya dubi ɓaunar da ke kusa da shi. Hawaye take yi. A ƙafarta ta gaba akwai agogon hannu, ya yi tsatsa, ya nutse cikin fata.

Adadin ya taso masa a maƙogwaro da kansa. Bayansa ya fara ranƙwafawa, yatsunsa suna mannewa. Can ya tuna abin da kakansa ke cewa in an tambaye shi yawan shanunsa.

"Baba, albarka ba ta ƙirguwa. Allah ya ƙara."

Tsohon ya sauke sandar daga kafaɗa.

"Jikan wa?"

"Arɗo Sambo."

"Ya ba ka tarbiyya, kai ka zubar." Ya dungure masa goshi da sanda. "Tunda ƙirga kake so, je ka. Daga yau har da mu za ka riƙa ƙirgawa."

Masu gadin daji suka tsince shi da safe a gindin tsauni. Tun ranar, duk taron da ya duba sai ya ga ƙarin mutum ɗaya da ba mai ganinsa sai shi.

Ummita, autarsu, ta ɗaga yatsa za ta ƙirga 'yan ɗakin. Hambali ya cafke hannunta.

"Sauke! In kun je dawa, kada wanda ya ware daga ayari, kada wanda ya nuna garke da yatsa. Nan ɗakin ma Nafi'u ya taɓa leƙowa sau ɗaya. Ya dubi bayan ƙofar can inda ba kowa, ya yi wa wani sallama, bai sake dawowa ba."